Maigidana ya taɓa kuɗin makarantar yara ya sayi "rigar Messi"

Assalamu alaikum Anti. Tun kafin mu yi aure maigidana yake da son tara kayan tunawa na gwanayen 'yan wasa: rigunan ƙwallo, hotuna masu sa hannu, tsofaffin tikitocin shiga filin wasa, da 'yan bajojin nan na gasar Olamfik. Ban taɓa hana shi ba, don ba ya shaye-shaye, ba ya yawon dare, wannan ce kaɗai jarabarsa. To a watan jiya na je cire kuɗin makarantar yara daga asusun da muke tarawa tare, sai na tarar fiye da rabi babu. Da na matsa masa sai ya fito min da wata riga a leda, wai ita Messi ya saka a gasar Kofin Duniya ta 2022, ga sa hannunsa, har da takardar shaida mai hatimi. A intanet ya saya, wurin wani mutum da bai taɓa gani ba. Ya ce shi ba ɓarna ya yi ba, jari ya zuba, wai ban ji nawa aka sayar da rigar Maradona ba? Yanzu kuma mutumin ya ce yana da lambar zinare ta Olamfik, in ba a biya cikin mako biyu ba zai sayar wa wani. Shi ne maigidan yake lallaɓa ni in sayar da sarƙata ta zinare in ranta masa. Wallahi Anti ji nake kamar in tattara kayan nan duka in fitar da su daga gidan, ko in kai ƙararsa wurin yayansa. Ban san komai a kan harkar ba, shi ya sa kullum yake rufe min baki in muna magana. Me zan yi?

Daga uwar yara uku

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sarƙarki ta zauna inda take. Kayansa ma su zauna inda suke, kada ki taɓa ko tikiti ɗaya a bayan idonsa. Ranar da kika fitar da su daga gidan, maganar za ta tashi daga kan kuɗin yara da ya ɗiba ta koma kan kayansa da kika watsar, ke mai gaskiya ki wayi gari kina ba da haƙuri.

Abu biyu ne suka cakuɗe miki. Akwai son da yake wa kayan nan, wanda kin same shi da shi kuma kun zauna lafiya a haka. Wannan ba aibu ba ne, kuma ba shi kaɗai ba ne: a kowace gasar Olamfik 'yan wasa da 'yan kallo da 'yan jarida suna musayar bajoji a bakin filaye, kamfanin Panini kuma tun gasar Meziko ta 1970 yake buga 'yan hotunan 'yan wasan Kofin Duniya da yara da manya ke liƙawa a littafi. Sai kuma hannun da ya sa a asusun da ba nasa ba ne shi kaɗai, bai faɗa miki ba. Wannan ne ainihin ciwon. Amma tunda da sanin harkar yake rufe miki baki, bari mu fara ta nan, da rigar Maradonan da ya kafa hujja da ita.

Gaskiya ne an sayar da ita a watan Mayun 2022, a kamfanin gwanjo na Sotheby's, kan fam miliyan 7.1. Yadin rigar kuwa ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Ana saura 'yan kwanaki Ajantina ta kara da Ingila a gasar Kofin Duniya ta 1986 a Meziko, kocinsu ya ga shuɗayen rigunan da suka zo da su sun yi nauyi ga zafin Meziko, aka tura ma'aikaci cikin gari ya sayo wasu a kanti, aka ɗinka musu bajon ƙasa, aka manna lambobi da dutsen guga. Da ɗaya daga cikinsu Maradona ya zura ƙwallaye biyun nan a ragar Ingila ranar 22 ga Yunin 1986 a filin Azteca, ta farko da hannu, ta biyu bayan ya yanke 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya tun daga tsakiyar fili. Da aka tashi, ɗan wasan Ingila Steve Hodge ya yi musayar riga da shi. Rigar ta zauna mallakin Hodge kusan shekara 36, wajen 20 daga ciki tana gidan tarihin ƙwallon ƙafa na Ingila, kowa na zuwa yana gani. Daga jikin Maradona zuwa hannun Hodge zuwa teburin gwanjo, an san duk inda ta bi. Duk da haka, da aka sanar za a sayar, 'yar Maradona ta fito ta ce wannan ta kafin hutun rabin lokaci ce, ba wadda ya ci wasan da ita ba. Sai da kamfanin ya kare kansa da binciken masana da suka gwada rigar da hotunan wasan daki-daki, bajon da ratsin yadin da lambar. Masu kuɗin da suka yi rububinta wannan tabbacin suka biya wa miliyoyi.

Yanzu ki ɗora rigar da ke cikin leda a kan wannan ma'aunin. Wasa 7 Ajantina ta buga a gasar Kofin Duniya ta 2022 a Katar. A watan Disambar 2023 an sayar da riguna 6 da Messi ya saka kafin hutun rabin lokaci a wasanni 6 daga cikinsu, har da wasan ƙarshe da Faransa, a Sotheby's ɗin dai, kan dala miliyan 7.8. Ki raba da 6, kowace ta haura dala miliyan guda. To wane mai hankali ne zai riƙe irin wannan kaya, ya bar kamfanonin gwanjo da za su karɓe shi hannu bibbiyu, ya nemo wani bawan Allah a intanet ya sayar masa a kan kuɗin makarantar yara? Araha ba ta ado.

Masu harkar suna bambanta rigar da ɗan wasa ya buga wasa da ita, wadda ita ce mai tsada, da wadda aka tanadar masa don wasan amma bai saka ba, tunda kowane ɗan wasa ana ajiye masa fiye da ɗaya. Can ƙasa kuma akwai wadda kamfani ke bugawa dubbai don magoya baya su saya a kanti. In na kyautata wa ta maigidanki zato, ta kanti ce da sa hannu na gaske. Irin wannan tana da 'yar darajarta, amma ba za ta zama dukiya ba, don Messi ya sa hannu a riguna ba adadi kuma yana nan yana sawa. Abin da ya fi kama da gaskiya kuwa, ta kanti ce wani ya zana mata suna.

Na san zai ɗago miki takardar shaidar. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar FBI ta Amurka ta yi wani bincike da ta kira Operation Bullpen, ta bankaɗo gungun mutane a jihar California da ke ƙirƙirar sa hannun shahararrun 'yan wasa, rayayyu da matattu, a kan hotuna da riguna da ƙwallaye. Tsabar raina wa masu saye hankali, har sa hannun Mother Teresa, matar nan mai hidimar talakawa a Indiya wadda ba 'yar wasa ba ce, sun zana a kan ƙwallon baseball. Kayansu kuma da takardun shaida suke fita, don suna da masu buga musu. Wanda ya iya kwaikwayon sa hannun Messi, hatimi ne zai gagare shi? Takarda tana yin amfani ne in ta fito daga wanda ba shi ke sayar da kayan ba, kuma ana iya bin diddiginta. Kamfanonin tantance sa hannu irin su PSA da JSA da Beckett suna liƙa wa kaya lamba, mutum ya shiga shafinsu ya rubuta lambar, bayanin kayan ya fito. Ko su ɗin ra'ayin ƙwararru suke bayarwa, sukan yi kuskure, 'yan damfara kuma kan kwafi lambar kayan gaske su manna wa jabu, don haka sai an duba abin da ya fito ya dace da abin da ke hannu. Sannan ko sa hannun ya tabbata, bai nuna an buga wasa da rigar ba. Wannan bincike ne daban, na hotuna, irin wanda aka yi wa ta Maradona.

Mu zo kan lambar da ake so ki sayar da sarƙarki a kanta. Ba mamaki zinaren da ke wuyanki ya fi wanda ke jikinta yawa. Rabon da a ba da lambar zinare zalla a Olamfik tun gasar Stockholm ta 1912. Ta yanzu azurfa ce aka shafe da zinare, ƙa'ida aƙalla giram 6. Ta gasar Faris ta 2024 nauyinta giram 529 ne, 6 zinare, 18 guntun ƙarfe daga hasumiyar Eiffel, saura duk azurfa. Saboda haka darajar lamba tana ga wuyan da aka rataya wa ita. Ɗaya daga lambobi 4 da ɗan tseren Amurka Jesse Owens ya ci a gasar Olamfik ta Berlin a 1936 an sayar da ita a Disambar 2013 kan kusan dala miliyan 1.5, alhali ba a zana mata sunansa ko wasan da ya ci ba, don lambobin wannan gasar haka aka yi su. Abin da ya tsaya mata shi ne an san ya ba abokinsa ɗan rawa Bill Robinson kyauta, kuma daga gadon matar Robinson ta fito. Ba don wannan ba, da ba ta bambanta da sauran lambobin zinaren 1936 ba.

Akwai wani tarkon kuma. Shekaru da yawa an yi ta raba wa mahalarta gasar Olamfik, 'yan wasa da jami'ai, lambar tunawa da halarta. Waɗannan dubbai ne, kuma mai sayarwa zai iya kiran ɗaya "lambar Olamfik" bai yi ƙarya ba. Ga kuma na kwaikwayo da ake ƙerawa don ado. Zakarun da suka rabu da lambobinsu kuwa, yawanci a bainar jama'a suke yi, labari ya karaɗe duniya. Ɗan damben Yukiren Wladimir Klitschko ya yi gwanjon ta zinaren da ya ci a Atlanta a 1996, a shekarar 2012, kan dala miliyan 1 don taimakon yara, wanda ya saya ya mayar masa da abarsa. Maria Andrejczyk 'yar Poland mai jifan mashi ta sa ta azurfarta ta gasar Tokiyo a gwanjo a 2021 don a yi wa wani jariri aikin zuciya, kamfanin da ya saya ya bar mata. Mutumin maigidanki ya faɗi lambar wa ce, ta wace shekara, ta wane wasa, kuma ta yaya ta bar hannun mai ita? Wa'adin mako biyun da ya sa dabara ce tsohuwa: ana sa gaggawa ne don kada mai saye ya samu sararin yin tambaya. Cinikin biri a sama ake kiran irin wannan.

Ko da kayan na gaske ne, kiransu jari yana da wuya. Kamfanin gwanjo yana cirar la'ada a wurin mai sayarwa, ya kuma ɗora wa mai saye tasa, sau da yawa kashi 20 cikin 100 ko fiye, don haka kaya sai ya tashi sosai kafin a mayar da uwar kuɗi. Darajarsu kuma tana rataye da sunan mutum, suna kuwa yana faɗuwa: a 2012 aka ƙwace wa Lance Armstrong kambunsa 7 na tseren keken Faransa saboda ƙwayoyin ƙara kuzari, masu riƙe da rigunansa suka wayi gari da abin da aka daina nema. Uwa uba, ba kaya ne da za a mayar kuɗi ranar da aka koma makaranta ba.

A ganina shi kansa bai gama yarda da maganar jarin ba. Son rigar ya yi, ya kasa haƙuri, da kika tsare shi ya nemo sunan da zai rufa wa abin asiri. Ina kuma zaton tuni zuciyarsa ta fara raya masa cewa an yi masa sakiyar da ba ruwa. Mutumin da aka damfara yakan so ya sake saye a wurin wanda ya damfare shi, don in ciniki na biyu ya yi kyau, to na farkon ma ya wanku. Shi ya sa lambar nan ta tsaya masa a rai haka.

Don haka kada ki shiga masa da "an damfare ka". Wannan fage ne da ya daɗe yana ganin shi ne gwani a cikinsa, in kika kunyata shi zai kare ɗan damfarar don ya kare kansa. Ki nemi lokacin da yara suka yi barci, ki ce masa: "Baban yara, ni ban san harkar nan ba, kai ka sani. In rigar nan ta gaske ce, arzikinmu ne gaba ɗaya. Mu aika hotunanta ga masu gwanjo su kimanta mana, kafin mu sake sa ko sisi." Manyan kamfanoni irin su Sotheby's da Christie's da Heritage suna karɓar hotunan kaya ta shafinsu don a duba, kyauta. Ku ɗauki gaba da baya, wuyan rigar, 'yan ƙyallayen rubutu da ke ciki, sa hannun daga kusa, da takardar ciki da bai. In kaya ne na miliyoyi, ba sai kun bi su ba, su za su bi ku. In suka ce ba sa so ko suka yi shiru, amsar ta zo daga bakin da ba naki ba, kuma zai fi iya haɗiye ta. In kuma ya ƙi a aika, to ya san abin da yake tsoro.

Mai sayarwar ma a gwada shi. Maigida ya rubuta masa cewa zai sayi lambar, amma sai an faɗi sunan mai ita kuma an kai ta wurin mai tantancewa mai zaman kansa kafin a biya. Ɗan kasuwar kirki ba ya jin haushin wannan. Ɗan damfara zai fusata, ko ya rage farashi nan take, ko ya ɓace. Kafin a aika masa wannan saƙon, ku adana duk hirar da suka yi da shaidar tura kuɗi, don yana iya goge komai. Ku tuntuɓi banki ko shafin da aka yi cinikin a kansa ba tare da jinkiri ba, saboda shigar da ƙorafi yana da wa'adi. Kada dai ki sa rai sosai, kuɗin da aka tura kai tsaye ga wanda ba a sani ba da wuya su dawo.

Maganar asusun kuma kada ki bari ta nutse a cikin maganar riga. Ko da a ce gobe an tabbatar Messi ya yi gumi a cikinta, ɗibar kuɗin a ɓoye yana nan a matsayin laifi, kuma ki faɗa masa haka a fili, sau ɗaya, ba tare da gori ba. Ku tsayar da ranar da zai mayar da su. In albashinsa ba zai kai ba, ya fitar da wasu daga kayansa na gaske ya sayar wa masu sha'awa irinsa, shi zai zaɓi waɗanda za su tafi. Asusun yara ya koma wanda ba a cirar kuɗi sai da amincewar ku biyu. A gefe guda ku ware masa wani abu ƙayyadadde duk wata don sha'awarsa, ya kashe yadda ya ga dama, ke kuma ki kame bakinki ko da tsohon tikiti ya sayo da shi. Namijin da aka hana gaba ɗaya ɓoyewa yake koya.

Ki kuma nemi ya buɗe littafi ya rubuta kowane kaya: mene ne, daga wa ya saya, yaushe, nawa. Masu tara kaya da suka san abin da suke yi duk suna da irin wannan rajista, don haka ba zai ga raini a ciki ba, ke kuma a nan za ki ga ainihin abin da harkar ta ci. In kina so ya gane ba kayan kike gaba da su ba, ki taya shi kula da su. Hasken rana yana cinye tawadar sa hannu, danshi yana ɓata takarda da hoto, riga mai sa hannu ba a wanke ta, lamba ko bajo kuma ba a goge su da man goge ƙarfe.

Yayansa ki ajiye shi tukuna. Ranarsa za ta zo in maigida ya ƙi mayar da kuɗin, ko ya sake taɓa asusun, ko kika gano bashin da ba ki sani ba. Ko a lokacin, ki sanar da shi za ki je kafin ki je, kuma ki tabbata yayan mai riƙe sirri ne. In kika lura yana ɓoye ƙunshin kaya, yana cin bashi don ya saya, ko yana saye ya ajiye ko buɗewa bai yi ba, to abin ya wuce sha'awa ya fara kama da jarabar caca, kuma yana bukatar ganin ƙwararren mai ba da shawara, ba faɗan yaya kaɗai ba.

Kuɗin wannan zangon kuwa, in ba za su cika kafin a koma ba, a nemi makarantar ta yarda a biya kashi-kashi. Shi zai je ya yi wannan roƙon da bakinsa, ba ke ba.